Wutar cek injin ta wahalar da ni kusan wata biyu, ga garejin da aka gano matsalar

Assalamu alaikum jama'a. Tunda 'yan uwa da abokai sun yi ta tambayata yadda na ƙare da matsalar motata, nace bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya, domin na san ba ni kaɗai ba ne wannan 'yar wutar mai ruwan ɗorawa ta hana shi sakat, kuma abin da na gani a garejin da na je daga ƙarshe ya cancanci a faɗe shi, mai kyau da mara kyau duka.

Motar Corolla ce 2006, 'yar Amurka, injin 1.8, da ita nake kai yara makaranta da safe in wuce wajen aiki, ƙarshen mako kuma in leƙa gida Wudil. Mota ce mai haƙuri wallahi, ban da juyen baƙin mai da birki ba ta taɓa ci min wani kuɗi na kirki ba. To a farkon hunturu, wajen tsakiyar Disamba lokacin da sanyin asuba ya fara shiga sosai, sai na lura in na tada ta da safe tana karkarwa, sitiyari har rawa yake, sulo yana hawa yana sauka kamar za ta mutu, amma da ta ɗauki zafi sai ta daidaita kamar ba ita ba. Kwana uku ana haka sai ga wutar cek injin ta kama a dashbod, ba ƙiftawa take ba, a tsaye take cak.

Na fara kai wa bakanikenmu na unguwa wanda yake min juye, ya buɗe bonet ya saurari injin yace ai babu komai Alhaji, waɗannan motocin haka suke, ya cire kan batir ya bari kamar minti biyar ya mayar, wuta ta ɗauke. Na ji daɗi na tafi. Washegari lafiya, rana ta biyu ina cikin go-sulo wajen Ɗangi sai gata ta dawo. Da na koma masa sai yace in dai ta dame ni ne a cire ƙwan kawai ko a liƙe shi da baƙin salatif, mutane da yawa haka suke yi. Gaskiya wannan maganar ba ta kwanta min ba ko kaɗan, domin kamar mutum ne yana zazzaɓi ace masa ya daina auna zafin jikinsa.

Daga nan aka haɗa ni da wani mai sikana, ya jona 'yar na'urarsa ko minti biyu ba a yi ba ya nuna min lambar matsala P0171 yace oksijin sensa ce ta mutu a canza. Na biya 3,000 na sikanin, aka kawo sensa 'yar Beljiyam 28,000, kuɗin aiki 3,000, ya goge lambar na tafi. Kwana uku wuta ta dawo da lamba iri ɗaya sak. Yace to nozul ne suka toshe saboda man bumburutu, alhali ni ko sau ɗaya ban taɓa zuba mata man galan ba, a gidan mai ɗaya nake sha shekara da shekaru, amma na yarda aka wanke 8,000. Ta sake dawowa. Aka ce filogi, na sayi guda huɗu 16,000. Ku haɗa lissafin, 58,000 kenan sun tafi kuma mota tana nan tana karkarwarta da safe, sai ma ƙarin shan mai da na fara lura da shi, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk lita ɗaya da ta tafi a banza sai ka ji ta a jikinka. Abu na gaba da aka ce in canza shi ne famfon mai, in bai yi ba kuma sai burenbos, wato kwamfutar motar, a nan ne na ja birki nace a'a, wannan lalube ne a cikin duhu kuma da aljihuna ake yinsa.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada wani gareji da ke ta wajen titin Zariya, yace mutumin ba ya gaggawa kuma yana da tsada amma in ya gaya maka abu to shi ne. Kowa a wajen Injiniya yake ce masa. Na isa wajen ƙarfe tara na safiyar Asabar na tarar da motoci shida a gabana, ba a zo kaina ba sai bayan azahar, zan dawo kan wannan domin yana cikin abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa motar ba sai da ya yi min tambayoyi kamar likita. Yaushe ta fara, da safe ta fi yi ko da rana, in kana gudu a kan titi tana yi ko sai ka tsaya, me da me aka canza, ina tsohuwar sensar da aka cire. Da nace tsohuwar tana wajen wancan mai gyaran sai ya girgiza kai yace Alhaji daga yau duk abin da aka cire a motarka ka karɓi kayanka ka jefa a but, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau kuma ita ce ta asali da ta zo da motar.

Sannan ya durƙusa ya jona sikanarsa a ƙarƙashin sitiyari, akwai wata 'yar soket a wajen mai ramuka 16, ita ake kira OBD2, yace duk motar da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau dole tana da ita, na Turai masu fetur kuma daga wajen 2001. Lamba ɗin dai ita ce P0171, amma shi bai goge ba, yace in ka goge kafin ka karanta to ka share shaidar da motar ta ajiye maka ne da hannunka. Ashe duk lokacin da wutar nan ta kama, kwamfutar motar tana ɗaukar hoton halin da injin yake ciki a daidai wannan lokacin, gudun motar nawa, juyin injin nawa, zafin ruwa nawa, ya juyo min da allon na gani da idona, gudu sifili, injin yana wajen 700, wato a tsaye nake a sulo lokacin da abin ya faru. Cire kan batir ɗin nan da ake yi shi ma duk yana share wannan bayanin, ga shi ba ya gyara komai, kuma dalilin da ya sa wutar take ɗaukar kwana biyu ko uku kafin ta dawo shi ne irin wannan lambar sai kwamfutar ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta, shi ya sa mutum zai bar gareji yana murna ya ɗauka an gyara.

Bayanin da ya yi min a kan lambar kanta shi ne abin da na fi amfana da shi a duk zuwan. Yace P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba, ba ta ambaci sunan wani kaya da za a canza ba ma sam, abin da take cewa shi ne iska ta yi yawa a kan mai a cikin injin. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, to sensar da ke jikin salansa ita aikinta kawai ta shinshina hayaƙi ta kai rahoto, ita ce ta kawo labarin cewa akwai matsala, sai aka kama ɗan aike aka hukunta aka bar mai laifi. Abubuwan da za su iya jawo haka suna da yawa, ko iska tana shiga ta wata kafa da ba a auna ta ba, ko sensar da ke auna iska a bakin iyakilina ta yi datti tana ba da lissafin ƙarya, ko famfon mai ya yi sanyi, ko nozul sun toshe, ita sensar salansar ma tana iya lalacewa amma ba da ita ake farawa ba. Yace harafin P na injin da giya ne, B na jikin mota irin su iyabag, C na ƙasa irin su birkin ABS, U kuma in kwamfutocin motar sun kasa magana da junansu.

To ya za a yi a gane wanne ne a ciki ba tare da an yi ta sayen kaya ba, ba a nan gizo yake saƙar ba? Sai ya shiga wani shafi a sikanar inda lambobi suke motsi injin yana kunne, ya nuna min guda biyu, ɗaya an rubuta STFT ɗaya LTFT, yace waɗannan su ne ƙarin man da kwamfuta take yi domin ta cike gurbi, na farko na yanzu-yanzu na biyu kuma wanda ta riga ta koya ta ajiye, mota mai lafiya ya kamata su tsaya kusa da sifili, kar dai su wuce 10 sama ko ƙasa. Tawa LTFT tana +24 a sulo, ɗayar ma tana wasa a wajen +9. Ya ce wa yaronsa ya taka totur ya riƙe a 2,500, ina kallo lambobin nan suka yi ta sauka har jimlarsu ta dawo wajen +7, ya saki totur suka sake hawa. Injiniya yace ka gani ko Alhaji, da famfon mai ne ko nozul da in an taka ne abin zai ƙara muni domin a lokacin injin ya fi buƙatar mai, amma motarka a sulo take kuka in an taka ta yi shiru, wannan iska ce take satar hanya, a sulo iskar da injin yake ja kaɗan ce shi ya sa 'yar ƙaramar kafa take da tasiri, in an buɗe totur kuwa sai ta ɓace a cikin mai yawa. Wallahi a wajen na gane bambancin mai sikana da wanda ya iya sikana.

Duk da haka bai ce in sayo komai ba. Ya kashe motar ya ɗauko wata na'ura mai kamar ƙaramar tukunya da tiyo, ya cire babban tiyon iska ya toshe bakin, ya tura farin hayaƙi cikin injin ta wata 'yar ƙaramar tiyo, muka tsaya mu huɗu muna leƙe da tocilan waya. Kamar minti ɗaya babu komai, can sai ga wani siririn hayaƙi kamar na turaren wuta yana fitowa daga inda manifol ɗin iska, wannan baƙin na roba mai ƙafa huɗu a gaban injin, ya haɗu da tof silinda, ta gefen silinda na farko. Yace gaskit ne, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wajen shiga. Gaskit ɗin roba ne, shekara kusan ashirin yana shan zafin injin da zafin Kano dole ya bushe, da sanyin asuba sai ya ƙanƙance iska ta samu hanya, in injin ya yi zafi ya ɗan kumbura kafar ta ragu, shi ya sa take karkarwa da safe kawai kuma shi ya sa sai da hunturu ya shigo abin ya bayyana. Duk abin da na gaya masa da farko sai ga shi ya zauna daram a kan bayanin.

Da aka kwance aka ciro tsohon ya miƙo min, ya lafe ya yi fale-fale ya yi tauri kamar busasshiyar fata, na ɗan lanƙwasa shi da yatsa sai ya tsage. Shi ba ya sayar da kayan gyara, yace ba ya so ace ya ɗora wa mutum sayen abu domin ya ci riba, sai ya rubuta min lambar kayan a takarda ya haɗa ni da yaronsa muka hau Keke zuwa Ƙofar Ruwa, sabo muka saya ba Beljiyam ba domin yace roba ba a sayen tsohuwa, 9,000, mai ruwan lemo. Kafin mu dawo ya sa an goge fuskar wajen tas. Ya kuma ciro sensar iska ta kan iyakilina, sukuru biyu ne kawai, ya haska min ciki na ga wasu siraran wayoyi guda biyu ƙura ta lulluɓe su, ya fesa musu wani sifire na musamman ya ajiye ta bushe da kanta, yace kar in taɓa bari wani ya wanke min ita da fetur ko ya hura mata iskar kwamfuresa ko ya sa mata tsinke, nan take za ta tashi aiki. Filtar iskar ma ya ce in canza domin irin mai arahar nan ce da ba ta zama daidai a gidanta, ƙurar hunturu ta gefe take wucewa, araha dai ba ta ado.

Bayan an ɗaure sai a lokacin ya goge lambar, muka shiga tare ya riƙe sikana a cinya muka yi zagaye har wajen Na'ibawa muka dawo, lambobin nan biyu suna wasa tsakanin +2 da +4. Yace in tafi in yi mako guda ina hawa, musamman in lura da tashin safe, sannan in dawo ya sake dubawa kyauta domin akwai gwaje-gwajen da kwamfutar take yi da kanta sai an yi tafiya kafin su kammala. Na koma bayan kwana takwas, duk sun kammala, babu lamba ko ɗaya, bai karɓi ko sisi ba.

Kuɗi kuma, bincike 10,000, aiki 12,000, gaskit 9,000, sifire 4,000, duka 35,000 ban da filta da kuɗin Keke. Na san wani zai ce 10,000 domin a duba mota kawai ya yi yawa tunda ana yi a 3,000, ni ma da farko haka na ji har na ɗan yi ciniki bai rage ba, amma na 3,000 ɗin shi ya ja min asarar 58,000, kuma mutumin nan ya fi awa ɗaya a kan motata kafin ya ɗaga sufana.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, domin ba zan yi muku rufa-rufa ba. Jira ya yi yawa ƙwarai, babu tsarin a ba ka lokaci ka zo, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba amma kuma na ga an shigo da wata babbar mota bayana an taɓa ta kafin tawa, wannan bai min daɗi ba kuma na gaya masa, ya ba ni haƙuri yace aikin jiya ne aka dawo da shi, Allah ne masani. Wajen zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, in rana ta take babu inda za ka fake, mace in ta kawo mota da kanta gaskiya za ta takura domin babu wani keɓantaccen waje kuma banɗakin ba abin a yaba ba ne. Waya kuma ba ya ɗauka in yana aiki, na kira sau huɗu kafin in je ba a ɗaga ba. Yaransa sun bar min shatin baƙin mai a kujera da jikin ƙofa, ba sa shimfiɗa leda ko takarda kafin su shiga, sai da na kai wanki. Rasit ma babu, a bayan wata takarda aka rubuta min lissafin. Waɗannan duk abubuwa ne da ba sa buƙatar wani babban jari, kuma mai ilimi irin nasa ya kamata ace wajensa ya fi haka tsari.

Muna jiran yaro ya haɗa kaya ya ƙara min wasu abubuwa da nake ganin kowane mai mota ya kamata ya sani. In wutar a tsaye take za ka iya lallaɓawa ka kai gareji cikin kwanaki, amma in tana ƙiftawa to wani silinda ne ba ya ƙona mai, irin lambobin P0300 zuwa P0304, ɗanyen mai yana gangarawa salansa yana dafa indomin motar, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wannan ka rage gudu ka nemi waje ka tsaya. Indomi kuwa kun san kuɗinsa yanzu, kuma kun san yadda ake fasa salansa a kwashe shi a wasu wuraren mai mota bai sani ba sai dai ya ga P0420 da ƙarin ƙara da warin hayaƙi, ya sa aka ɗaga tawa ya ƙwanƙwasa ya duba ko akwai sabon walda yace nawa yana nan, na yi hamdala. Sannan in za ka sayi mota, ko 'yar Kwatano ko ta hannu, ka murɗa makulli ba tare da ka tada injin ba, dole wutar cek injin ta kama tare da sauran sannan ta ɗauke bayan an tada, in ba ta kama ba sam to an cire ƙwan ko an liƙe. In kuma an jona sikana aka ga babu lamba amma gwaje-gwajen nan ba su kammala ba, to ba a daɗe da gogewa ba, ka yi hattara.

Bayan nan na sayi 'yar ƙaramar sikana ta Bluetooth irin ELM327 ɗin nan shuɗiya, na haɗa da manhajar Torque a wayata ta Android, shi da kansa ya nuna min inda zan ga lambobin ƙarin man. Tana karanta lambar injin tana gogewa tana nuna zafin ruwa, amma tawa ba ta shiga ABS ko iyabag, kuma masu iPhone su tambaya da kyau kafin su saya domin mai tsohon Bluetooth ba ta haɗuwa da ita sai mai WiFi ko sabon samfuri. Kar a bar ta a jone kwana da kwanaki mota tana ajiye domin soket ɗin akwai wuta a jikinsa ko an zare makulli, tana iya shanye batir a hankali. Ni amfaninta a wajena shi ne in san lambar kafin in shiga gareji in kuma ɗauki hotonta, ba wai in zama bakanike ba.

Yau kusan wata biyu kenan da fara wannan matsalar, sanyi ma har ya fara ja baya, da asuba in na tada ta sulo yana hawa wajen 1,200 ya sauko a hankali ya zauna ba karkarwa, jiya da na duba a waya LTFT tana +3. Man da nake sha Litinin yanzu yana kai ni har Juma'a da ɗan saura kamar da. Ƙanina ma tasa Honda ɗin ta kunna wuta satin nan, na jona masa sikanata ta nuna P0420, har an fara ce masa ya sayi sensa, nace ya dakata kar ya sayi komai, Asabar in Allah ya kai mu tun ƙarfe bakwai za mu je mu kama layi kafin motoci su taru, kuma wannan karon da ledar shimfiɗa kujera zan tafi.